Jibo Bakari: Jagoran Sawaba da ya ce wa Faransa a'a tun 1958

A watan Satumban 2025 hotunan Nepal sun cika mana wayoyi. Gwamnati ta rufe shafukan sada zumunta, matasa suka fantsama kan titunan Kathmandu, cikin 'yan kwanaki Firaminista K.P. Sharma Oli ya ajiye mulki. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, Olin nan shugaban jam'iyyar kwaminisanci ne, wato irin 'yan siyasar da suka taso da sunan ceton talaka. A ƙasar ce kuma mabiya aƙidar Mao suka shafe shekara goma, daga 1996 zuwa 2006, suna yaƙin sunƙuru, har ta kai ga soke sarautar ƙasar a 2008. A kwanakin na ga masu sharhi a Facebook da TikTok suna ta nuna cewa mu nan ba mu san juyin juya hali ba sai a fim. To, 'yan uwa, ba haka ba ne.

Idan ka tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka dubi arewa, inda raƙuma da shanu suke shigowa daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, ƙasar da kake hange ta taɓa samun jam'iyyar da ta ci zaɓe, ta kafa gwamnati, aka tumɓuke ta, ta tura samarinta har China su koyo yaƙi, suka dawo da bindigogi. Sunanta ma da Hausa ne tsantsa, Sawaba. Tambarinta raƙumi. Jagoranta kuwa shi ne Jibo Bakari, wanda a takardun Faransanci ake rubuta sunansa Djibo Bakary.

Malamin makaranta da ya zama ɗan ƙwadago

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, wani ƙauye kusa da Yamai. Bazabarme ne, kuma ɗan uwan Diori Hamani ne na jini, wanda shi ma a ƙauyen aka haife shi a 1916. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa. Jibo ya yi karatu har ya kai makarantar William Ponty da ke Senegal, wadda a zamanin ita ce matattarar haziƙan yaran da Faransa ke horarwa su zama malamai da akawuna a Afirka ta Yamma. Da ya gama sai ya dawo gida ya kama aikin koyarwa.

Nijar ɗin da ya dawo ya tarar ba wurin wasa ba ce. Akwai haraji, akwai aikin tilas da ake kwasar mutane a kai su gyaran hanya da gini ba ko sisi, kuma sai a 1946 aka soke shi a dokance. A shekarar ce aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA ta ƙasashen da Faransa ke mulka. Jibo da Diori duk suna ciki, kuma Jibo ya yi saurin zama cikin manyan masu tafiyar da ita, saboda ya iya tara jama'a kuma ba ya shakkar Bature.

Rigimar farko ta taso a 1950. RDA tana ƙawance da jam'iyyar kwaminisanci ta Faransa, sai shugabanta Felix Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa ya ga cewa ƙawancen yana jawo musu duka da ɗauri, ya yanke shi, ya koma lallaɓa gwamnatin Faris. Diori ya bi shi. Jibo ya ƙi. A nan 'yan uwan biyu suka raba gari, kuma rabuwar ce ta zama tarihin Nijar na shekara ashirin da suka biyo baya.

Da ya bar PPN sai ya koma cikin ma'aikata. Ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa, wadda 'yan kwaminis ke da ƙarfi a cikinta, ya riƙa shirya leburori da masu ƙananan ayyuka su nemi haƙƙinsu. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN. Su wa suka bi shi? Direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan kamasho, teloli, magina, mahauta, ƙananan 'yan kasuwa, mata masu zaman kansu, da samarin da suka baro ƙauye suka shigo birni neman na kai. Waɗannan su ne intanet ɗin wancan zamani. Magana ta tashi daga Yamai, direba ya sauke ta a tashar Maraɗi, washegari tana Tasawa da Damagaram. Shi ya sa, duk da jagoran Bazabarme ne, ƙarfin jam'iyyar ya fi yawa a ƙasar Hausa.

Kalmar sawaba kuwa ba a Nijar kaɗai take yawo ba. A Kano an kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, kuma da kalmar mutanen Malam Aminu Kano suke kirari, har ta zama sunan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Talakan Gumel da talakan Magarya harshe ɗaya suke yi, kukansu ɗaya ne, iyaka ce kawai ta raba su tsakanin Ingila da Faransa.

Daga kujerar mulki zuwa gudun hijira

A 1956 Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da dama ke goyon baya, suka ci zaɓen majalisa na Maris 1957, ya zama shugaban gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar, ko da yake gwamna Bafaranshe yana nan a sama. Yana da shekara 35 kacal. Amma haɗin gambiza ne, don jam'iyyar talakawa da sarakuna ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Da gwamnatinsa ta fara sauke wasu sarakunan, sai sauran suka sha jinin jikinsu.

Sai ga babbar jarrabawa. Janar Charles de Gaulle ya hau mulki a Faransa a 1958, ya kawo ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba. Wanda ya ce e, ƙasarsa za ta zauna cikin wata tarayya ƙarƙashin Faransa. Wanda ya ce a'a, zai samu 'yanci nan take, amma Faransa ta janye hannunta da kuɗinta. Cikin shugabannin gwamnatocin yankin, biyu ne suka fito suka nemi jama'a su ce a'a: Seku Ture na Gini da Jibo Bakari na Nijar.

Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta haƙura da Nijar ba. Dalilan a fili suke. Tana tsaka da yaƙi a Aljeriya, wadda ke da doguwar iyaka da Nijar. Tana da buri a kan arziƙin Sahara, kuma an riga an ga alamun yuraniyom a arewacin ƙasar. Ga kuma Najeriya a kudu, wadda ake tsoron Nijar mai 'yanci za ta karkata gare ta. Sai aka turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, aka baza sojoji, aka jawo sarakuna, abokan tafiyar Jibo na BNA suka juya masa baya. Da aka ƙirga, kusan kashi 78 cikin 100 suka tafi ga e, masu rajista da yawa kuma ba su ma fita ba. A watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi, kafin ƙarshen shekara Diori Hamani ya hau kujerar. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba gaba ɗaya. Ranar 3 ga Agustan 1960 da Nijar ta samu 'yanci, mutumin da ya fara neman 'yancin yana gudun hijira a waje.

Ranar da raƙumi ya ɗauki bindiga

Daga nan ne labarin ya fara kama da na Nepal. An toshe hanyar zaɓe, ana kame 'yan Sawaba a gida, wasu na mutuwa a tsare. Jibo yana tsakanin Bamako da Accra, inda Modibo Keita da Kwame Nkrumah suka ba shi mafaka. Jam'iyyar ta tura matasa karatu Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, ta tura wasu koyon yaƙin sunƙuru a Aljeriya da China da Biyetnam ta Arewa. Ka yi tunanin tela ko yaron mota daga Damagaram, wanda bai taɓa hawa jirgi ba, sai ga shi a China ana koya masa harhaɗa bindiga. Kano ta zama ɗaya daga cikin maɓoyarsu, inda suke samun taimako wajen 'yan NEPU, alhali gwamnatin NPC ta Sardauna tana ɗasawa da Diori.

A ƙarshen 1964 suka tsallaka iyaka ƙungiya ƙungiya, ta wajen Najeriya da Dahomey, wato Benin ta yau, da kuma yamma. Lissafinsu shi ne, da zarar sun shigo, talakawa za su tashi su mara musu baya, gwamnati ta rushe. Lissafin bai fita ba. Shekara biyar da haramci ta riga ta wargaza rassan jam'iyyar a ƙauyuka. Gwamnati tana da labarin zuwansu, tana da Faransa a bayanta, ta kuma sa sarakuna da 'yan banga suka tayar da manoma aka shiga farautarsu a daji. Aka kashe wasu, aka kama da yawa, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai don a tsorata saura.

Abin da ya ƙarasa lalata al'amarin ya faru a Afrilun 1965. Wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin Idin Babbar Sallah a Yamai, da nufin kashe Diori. Diori ya tsira, ƙaramin yaro ne ya mutu. Ku duba fa, jam'iyyar da ta taso don share wa talaka hawaye, ga jinin ɗan talaka a filin Idi. Kamen da ya biyo baya ya fi na farko muni. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, sansanonin Ghana suka rufe, Jibo ya koma Gini, maganar yaƙi ta mutu.

Dawowa gida

Abin da bindigar Sawaba ta kasa, fari da yunwa da sojoji suka yi. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kunce ya kifar da Diori. Jibo ya dawo gida bayan kusan shekara 15 a waje, jama'a suka yi masa maraba. Ba a je ko'ina ba, a 1975 gwamnatin sojan ta zarge shi da hannu a shirin juyin mulki, ta kulle shi shekaru. Haka 'yan uwan nan biyu na Sudure suka tsinci kansu a tsare a hannun gwamnati ɗaya.

Da aka dawo siyasar jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990, ya sake tayar da Sawaba, amma ta riga ta dare gida biyu. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Yawancin masu jefa ƙuri'ar ba a haife su ba lokacin da yake tashe. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998. Allah ya jiƙansa.

Me ya shafe mu?

A Disambar 2023 sojojin Faransa na ƙarshe suka fice daga Nijar. A Oktoban 2024 gwamnatin soja ta cire sunan de Gaulle daga wani babban titi a Yamai, ta sa sunan Jibo Bakari. Da yawanmu mun yaɗa hoton muna murna, kuma gaskiya mutumin ya cancanta, domin abin da ya hango a 1958 shi ake ta maimaitawa yau. Sai dai kafin ka ɗora hotonsa a shafinka, ka san labarin gaba ɗaya. Duk nasarar da ya samu, da ƙuri'a da haɗa kan masu ƙananan sana'a ya same ta, tasha tasha, kasuwa kasuwa. Da aka koma ga bindiga, shugabanni suna Accra, waɗanda suka mutu a daji samari ne sa'o'inmu. Kuma gwamnatin da ta kulle shi bayan ya dawo ta soja ce, irin wadda wasunmu ke yi wa tafi yanzu.

Mutanen Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa sun fi kowa sanin cewa rigimar Yamai ba ta tsayawa a Yamai. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, dillalin dabbobi da mai lodi da mai sayar da abinci a bakin kasuwa su suka ji a jikinsu. Irin mutanen da suka ɗauki Jibo a kafaɗa ke nan shekara 70 da suka wuce, kuma har gobe sawabar suke nema.

Idan akwai tsoho a gidanku da ya haura 80, musamman mai dangi a Damagaram ko Magarya ko Matamaye, ka ajiye wayar ka zauna kusa da shi ka tambaye shi zamanin raƙumi da giwa, don giwa ce tambarin jam'iyyar Diori. In ya yarda, sai ka ɗauko wayar ka naɗi muryarsa.