Ivan Mestrovic: Makiyayin da Ya Zama Masassaƙi

An haifi Ivan Mestrovic a ƙasar Kuroshiya ran 15 ga Agusta, 1883, wato ranar idin ɗaukar Uwargida Maryamu zuwa sama. Ya tashi yana kiwon tumaki a ƙauyen Otavice. Daga nan aka kai shi birnin Split ya koyi sassaƙar dutse, kana ya zarce Vienna karatu, har sunansa ya gama Turai.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mahukunta suka jefa shi kurkuku a Zagreb. Ba dutse, ba guduma, sai takarda. A kanta ya zana Maryamu rungume da gawar Ɗanta, bayan an sauko da shi daga gicciye. Da taimakon Fadar Paparoma aka sake shi, ya tafi Roma, inda ya sassaƙa wannan siffa da farin dutse.

Yau siffar tana majami'ar Zuciya Mai Tsarki ta Jami'ar Notre Dame a Amurka, inda ya koyar daga 1955 har rasuwarsa ran 16 ga Janairu, 1962. Zane-zanensa da sassaƙe-sassaƙensa kuwa suna ajiye a gidan adana kayan fasaha na jami'ar, da kuma gidansa na Split, wanda ya ba al'ummarsa kyauta a 1952.

Mu ma muna da kwanakin ƙunci. Bari mu koyi kai baƙin cikinmu gindin gicciye, yadda wannan bawan Allah ya kai nasa.