Eiji Tsuburaya, uban dodannin Japon

Matasan Dakoro da ke karanta littattafan zanen Japon irin su Kaiju No. 8 a salula ba lalle su san sunansa ba, amma dodannin da ke ciki jikokin nasa ne. An haifi Eiji Tsuburaya a Sukagawa cikin watan Yuli 1901. Tuƙin jirgin sama ya so, sai malaminsa ya mutu a haɗari, makarantar ta rufe, ya koma sinima. Fim ɗin 1942 da ya kwaikwayi harin Pearl Harbor a ciki da ƴan ƙananan jirage ya sa Amurkawa suka raba shi da aiki bayan yaƙi.

A 1954 ya saka wa Haruo Nakajima rigar dodo mai nauyin kusan kilo 100, ya sake shi yana tattake wani ɗan ƙaramin Tokyo da aka ƙera. Godzilla ke nan, dodon da bam ɗin nukiliya ya tasa, shekara tara kacal bayan Hiroshima. Ultraman na 1966 kuwa ƙato ne, amma ƙarfinsa ba ya wuce minti uku, shi ya sa yara ke jin tsoron kada a kayar da shi. Tsuburaya ya mutu ranar 25 ga Janairu 1970.