Chari Maigumeri: Samanjan da Jamus da Ingila suka rataya wa lambar yabo

Idan hanya ta taɓa bi da kai ta Lokoja, wataƙila ka ga barikin sojan nan mai suna Chari Maigumeri, ka wuce abinka ba ka tambaya ba. To ɗan dakata da latsa wayar nan, ka ji ko wane ne mai sunan.

Mutumin ƙasar Borno ne. A 1913 ya shiga soja, amma fa ba na Ingila ba, na Jamusawan da ke mulkin Kamaru a lokacin. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya tsaya ya gwabza da dakarun Ingila har Jamusawa suka ba shi lambar jarumtarsu, Iron Cross. Da garin Garwa ya faɗi a 1915, sai aka kama shi fursunan yaƙi.

Nan labarin ya juya. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan da suka koya masa riƙe bindiga. Kafin ka ce butulu ne, tuna cewa rigimar ta Turawa ce tsakaninsu, babu wanda ya nemi shawarar ɗan Borno kafin a fara ta.

A hankali ya hau har ya zama samanjan bataliya ɗungurungum. E, irin muƙamin nan da iyayenka suka sani a wasan Samanja Mazan Fama, sai dai nasa ba wasa ba ne. Lokacin yaƙin Hitila ya riga ya manyanta, duk da haka da shi aka kori sojojin Italiya daga Habasha, inda ya samu lambar jarumta ta Military Medal. Daga nan sai dajin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, aka kara da Japan cikin ruwan sama da zazzaɓi. A 1944 aka ƙara masa wata lambar ta Daular Ingila.

Ga abin da ke ci mini rai. Duk wannan ƙirji cike da lambobi, samanja ne iyakarsa. Yaron Bature da ya fito makarantar hafsoshi jiya-jiya, Maigumeri ne zai ƙame ya sara masa. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa, lokacin shi kuwa girma ya riga ya kama shi.

Ya ajiye aiki a 1953, shekara 36 bayan ya shiga rundunar Ingila. A nan ne aka ba shi kyaftin na girmamawa, muƙamin da bai taɓa jan ko soja ɗaya zuwa fagen daga da shi ba.