Karl Jansky, Wanda Ya Fara Jin Ƙarar Taurari

Duk mai akwatin rediyo a Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada ya san ƙugin nan da kan hana jin magana da damina in hadari ya taso. To, binciken wannan ƙugi aka ɗora wa Karl Jansky, a cikinsa kuwa ya tono ilmin da ba wanda ya riga shi.

An haifi Jansky ran 22 ga Oktoba, 1905, a garin Norman ta jihar Oklahoma, ƙasar Amurka. Ya gama karatu a Jami'ar Wisconsin cikin 1927. A 1928 kamfanin tarho na Bell ya ɗauke shi aiki, ko da ya ke yana fama da ciwon ƙoda. Kamfanin yana so maganar wayar iska tsakanin Amurka da Turai ta riƙa fita sarai, saboda haka aka sa shi ya gano inda ƙugi ya ke fitowa.

A Holmdel ta jihar New Jersey ya haɗa eriya mai tsawon ƙafa 100, ya ɗora ta bisa ƙafafun mota Ford guda 4, tana kewayawa sau ɗaya kowane minti 20. Ya tarar ƙugin iri 3 ne: na tsawar kusa, da na tsawar nesa, sa'an nan da wata 'yar ƙara siririya wadda ba ta yankewa. Da fari ya zaci daga rana ta ke. Amma da ya yi watanni yana lissafi, sai ya ga ƙarfinta yana komowa bayan awa 23 da minti 56. Wannan kuwa lissafin taurari ne, gama kowane dare sukan riga fitowarsu ta jiya da minti 4, shi ya sa Kaza da 'Ya'yanta kan sauya wuri daga rani zuwa damina. Cikin 1933 ya bayyana cewa ƙarar tana zuwa daga wajen burujin Ƙausu, watau tsakiyar farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama.

Ya nemi a gina masa babbar eriya, kamfanin bai yarda ba, don ƙarar ba ta ɓata tarho. Aka ba shi wani aiki. Ya rasu ran 14 ga Fabrairu, 1950, yana da shekara 44.

Waɗanda suka bi sawunsa sun gamu da wata wahala. Saƙon taurari ba shi da ƙarfi ko kaɗan, ga shi kuma zafi yana girgiza ƙwayoyin lantarki da ke cikin na'urar karɓa, sai ita kanta ta yi ƙugi, kamar mai neman jin raɗa a maƙera. Maganin abin shi ne sanyi. Cikin 1964, a Holmdel ɗin nan dai, Arno Penzias da Robert Wilson suka yi aiki da na'urar da aka sanyaya da ruwan iskar heliyam, mai sanyin digiri 269 ƙasa da na daskarewar ruwa. Duk da haka wata ƙara ta saura ta kowace fuskar sama. Masana suka ce ragowar zafin farkon halittar sammai ce, aka ba su lambar Nobel a 1978.

Cikin 1973 masana taurari suka sa wa ma'aunin ƙarfin irin wannan saƙo suna jansky. A 2012 kuma aka raɗa wa manyan faya-fayen sauraro 27 na New Mexico sunansa, na'urorinsu kuwa galibi sanyaya su a ke yi.

Ya ku malamai da akawuna, ku dubi mutumin nan. Da ya raina minti 4 ya ce kuskuren agogo ne, da wani ya samu sunan. Aikin da aka ba shi ƙarami ne, amma ya yi shi da haƙuri, bai rubuta kome ba sai abin da ya auna.