Andrew Foster: Kurman da ya kafa makarantun kurame 32 a Afirka

Yaro kurma daga Gwarzo ko Kabo, idan ya yi sa'a aka kai shi makarantar Tudun Maliki a Kano, maganar hannun da zai tarar a aji ta bambanta da wadda kuramen Kano suka saba yi a kasuwa. Ta makaranta daga Amurka ta samo asali, kuma Andrew Foster ne ya shigo da ita Najeriya.

An haife shi a 1925 a jihar Alabama. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ciwon da iyaye a Arewa suka san yadda yake barin yaro ba ya ji. A wancan zamani na wariyar launin fata, karatun baƙin yaro kurma a Alabama bai wuce 'yan ajujuwa ba. Sai ya koma Detroit yana aikin masana'anta, yana karatu ta hanyar wasiƙa. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya kammala digiri a Gallaudet, kwalejin kurame da ke Washington, sannan ya ƙara digiri na biyu a fannin ilimi.

Ɗan mishan ne, kuma da wannan niyya ya zo Afirka. Ya buɗe makarantarsa ta farko a Accra a 1957, sai Ibadan a 1960, daga baya Enugu da Kaduna.

Abin da ya fi gine-ginen muhimmanci shi ne malamai. A lokacin, yawancin masana sun nace sai an tilasta wa kurma karanta leɓe da furta kalma, ana hana shi amfani da hannu. Foster bai yarda ba. Ya koyar da hannu, ya horar da kurame su koyar da 'yan'uwansu, wasu ma ya tura su Gallaudet suka dawo suka riƙe makarantu. Ana dai yi masa ƙorafi guda, kuma akwai gaskiya a ciki: maganar hannun Amurka ta danne ta gida a ajujuwa.

Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a watan Disamba na 1987, yana da shekara 62. Ya bar makarantu 32 a ƙasashe 13.