Knute Rockne

Knute Kenneth Rockne (4 ga Maris, 1888 – 31 ga Maris, 1931) ɗan wasa ne kuma mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana. Wasan ya bambanta da tamaula: ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a gudu da ita ko a jefa ta da hannu. A shekaru 13 da ya yi yana horarwa, ƙungiyarsa ta ci wasa 105, an cinye ta 12, ta yi canjaras 5, ta kuma zama zakarar jami'o'in ƙasar sau uku.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Voss na ƙasar Norwe. Yana da shekara biyar iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa birnin Chicago. Ya yi shekara huɗu yana aiki a gidan waya domin tara kuɗin makaranta, sannan ya shiga Notre Dame a 1910 yana da shekara 22, inda ya karanci ilimin haɗa sinadarai da magunguna.

Sunansa ya fara fitowa ranar 1 ga Nuwamba, 1913, lokacin da Notre Dame ta doke makarantar hafsoshin soja ta West Point da ci 35 da 13. Abokinsa Gus Dorais ne yake jefo ƙwallo daga nesa, Rockne yana cafewa a guje. Doka ta riga ta halatta wannan dabara, amma manyan ƙungiyoyi ba su ɗauke ta da muhimmanci ba sai bayan wannan wasa.

Aikin horarwa

Ya kammala karatu a 1914, ya zama mataimakin koci Jesse Harper, sannan ya gaje shi a 1918. A wancan zamani Notre Dame ƙaramar jami'a ce ta 'yan ɗariƙar Katolika, waɗanda ake nuna wa wariya a sassa da dama na Amurka. Manyan jami'o'in yankin sun ƙi shigar da ita cikin gasarsu. Wannan ya sa Rockne ya riƙa ɗaukar yaransa a jirgin ƙasa zuwa gabas da yamma neman abokan karawa, kuma ta haka ƙungiyar ta sami magoya baya a faɗin ƙasar, musamman a tsakanin baƙin haure da ma'aikata waɗanda ba su taɓa shiga jami'a ba.

Kakar 1924

A watan Mayun 1924 ɗaliban jami'ar sun gwabza da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙin Katolika, a titunan South Bend. A kakar wannan shekarar ce ƙungiyar ƙwallon ta buga wasa 10 ta cinye duka. Bayan ta doke West Point da ci 13 da 7 a New York ranar 18 ga Oktoba, ɗan jarida Grantland Rice ya laƙaba wa 'yan wasa huɗu sunan Mahaya Huɗu: Harry Stuhldreher, Don Miller, Jim Crowley da Elmer Layden. Da suka koma gida aka ɗauke su hoto a kan dawakai, hoton ya bazu a jaridu.

Ranar 1 ga Janairu, 1925, suka doke Jami'ar Stanford da ci 27 da 10 a wasan Rose Bowl, aka amince da su a matsayin zakarun ƙasa. A hanyarsu ta dawowa sun yada zango a birane da dama, ana shirya musu liyafar girmamawa. Rockne ya sake cin kambun a 1929, shekarar da ciwon ƙafa ya sa ya ja ragamar wasu wasanni daga keken guragu, da kuma 1930, shekarar da aka buɗe sabon filin wasan jami'ar.

Mutuwa

Ya mutu yana da shekara 43, lokacin da jirgin sama ƙirar Fokker da ya hau zuwa Los Angeles ya faɗi kusa da ƙauyen Bazaar a jihar Kansas. Duk mutum takwas da ke ciki sun mutu. Bincike ya nuna fiffiken jirgin, wanda aka yi da katako, shi ne ya karye. Hatsarin ya sa hukumomi suka tsaurara duba jiragen fasinja, kamfanoni kuma suka koma ga jiragen ƙarfe. Ya bar matarsa Bonnie da 'ya'ya huɗu.

Karramawa

Kamfanin Studebaker ya ƙera mota mai sunansa a 1932 da 1933. A 1940 an yi fim kan rayuwarsa, wanda Ronald Reagan ya fito a ciki a matsayin ɗan wasansa George Gipp. An sanya shi cikin rukunin farko na zauren gwarazan ƙwallon jami'o'i a 1951, kuma a 1988, cikar shekara 100 da haihuwarsa, gidan wayan Amurka ya fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonsa.