Rabe, Wanda Ya Rushe Kukawa

Duk wanda ya zauna a Tsohuwar Maiduguri ya kan tambayi kansa, ina dalilin da ya sa Shehun Borno ya ke zaune a Yerwa, alhali kuwa kakanninsa a Kukawa suka yi sarauta? Amsar wannan tambaya tana cikin labarin mutum ɗaya, watau Rabe.

An haifi Rabe wajen shekarar 1842 a Halfaya, kusa da Hartum, cikin ƙasar Sudan. Da ya yi ƙarfi sai ya shiga aikin soja, daga baya ya koma wurin Zubairu, wani babban attajiri mai fataucin bayi da hauren giwa a ƙasar Bahrul Gazal. A nan ya koyi yaƙi da bindiga, har ya zama ɗaya daga cikin manyan jarumawan ubangidansa. Sa'ad da hukumar Masar ta tsare Zubairu a Alƙahira, ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye, aka ci shi da yaƙi, aka kashe shi a 1879. Rabe bai yarda ya miƙa wuya ba. Ya kwashi sauran mayaƙa, ya yi yamma da su.

Fiye da shekara goma yana yawo cikin ƙasashen da ke kudu da Wadai, yana kai hari, yana kama bayi, yana musanya su da bindiga da albarushi. A 1893 ya ci Bagarmi, sa'an nan ya fuskanci Borno. Ya sami goyon bayan Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya kuma ba shi 'yarsa Hauwa aure.

A lokacin nan Shehu Hashimi ne ke bisa gado. Borno tana da dawaki da mutane masu yawan gaske, amma rundunar Rabe, ko da ya ke ba ta kai su yawa ba, horarriya ce, an rarraba ta tuta tuta, kowace tuta da shugabanta. Sau biyu aka kara, sau biyu Barebari suka karye. Shehu ya fita daga gari, Rabe ya shiga Kukawa cikin wannan shekara ta 1893, ya washe ta, ya sa mata wuta. Birnin nan da Shehu Laminu ya kafa a 1814, wanda fatake ke zuwa cikinsa daga Kano da Tarabulus, ya zama kango. Kyari, ɗan ɗan'uwan Hashimi, ya kashe shi, ya karɓi sarauta, ya tara jama'a ya yi yaƙi da Rabe a 1894. Shi ma aka kama shi, aka kashe.

Rabe ya mai da Dikwa babban birninsa, ya gina gida mai ƙarfi wanda har yau a ke zuwa kallo. Ya tsara haraji, ya tara hatsi domin sojansa. Amma talaka ne ya ɗauki nauyin, gama garin da ya yi jinkirin biya sai a kai masa hari a kwashe mutanensa. Ciniki ya ja baya, manoma da yawa suka bar gonakinsu. Ko Hayatu, surukinsa, bai tsira ba: ya yi niyyar barin Dikwa, aka bi shi aka kashe.

Ana cikin haka sai ga Faransawa. A 1899 Rabe ya hallaka wata ƙungiyarsu a Togbau. Suka haɗo runduna uku, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga yamma ta kan Damagaram, ɗaya daga Kwango. Ran 22 ga Afrilu, 1900, aka haɗu a Kusuri, bakin kogin Shari. Aka kashe Rabe, aka sare kansa. Lami, shugaban Faransawa, shi ma ya mutu a wannan yaƙi, shi ne aka sa wa garin Fort Lami sunansa, wanda tun 1973 a ke kira Njamena. Fadlallah ɗan Rabe ya ci gaba da faɗa, har Faransawa suka kashe shi a Gujba a 1901.

Daga nan Ingilishi da Faransawa da Jamus suka raba Borno. Shehu Garbai ya bar Dikwa ya dawo ɓangaren Ingilishi a 1902. Kukawa ba ta zaunu ba, saboda haka a 1907 ya kafa Yerwa kusa da tsohon garin Maiduguri.

Har wa yau ana gardama a kan Rabe. Waɗansu suna ganinsa jarumi ne wanda ya tsaya wa Turawa har ya mutu. Waɗansu kuwa, musamman waɗanda aka bautar da kakanninsu, suna ganinsa annoba ce da ta faɗa wa ƙasa shekara bakwai.

Mu da za mu tsaya gaban yara, me za mu ce? A cikin aji ɗaya za ka iske jikokin waɗanda suka bi tutarsa, da jikokin waɗanda suka gudu daga gare ta. Ni dai a ganina, wajibi ne mu faɗa musu duka biyu. Jaruntakarsa a Kusuri gaskiya ce, ƙonewar Kukawa da kamun bayi su ma gaskiya ne. In muka ɓoye ɗaya domin mu faranta wa wani rai, yaran za su ji ɗayan a gida, daga ran nan kuwa ba za su ƙara gaskata malaminsu ba.